Ɗinkin Ma'auni: Yadda Ake Yanka wa Allo Hoton da Ya Dace da Shi

Jawabin da aka gabatar a zauren taron ƙungiyar ɗalibai



 Batun da aka ɗora mana, in an ji shi daga nesa, sai a ce na injiniyoyi ne kurum, ba ruwan ɗalibin tarihi ko akawun ma'aikata da shi. Muna fatan kafin mu zauna za ku yarda cewa ya shafi kowa a nan.

Kwanakin baya mun halarci wani biki a wani babban ɗakin taro, inda aka kafa ƙaton allo mai fitilu wanda aka kashe wa kuɗi masu yawa. Da aka nuna hoton babban baƙo, sai ga shi ya gajarce, kumatunsa sun baje, rawaninsa kamar an zauna a kai. Tambarin taron, wanda asalinsa da'ira ne, ya koma ƙwai. Jama'a suka yi ta sunkuyar da kai suna murmushi, mai kula da na'ura kuwa ya ce allon ne ba shi da kyau. Allon nan lafiyarsa ƙalau. Lissafi ne ba a yi ba, kuma lissafin bai fi ƙarfin wanda ya gama makarantar sakandare ba. Shi za mu yi tare da ku yau.

Allo da ɗigoginsa

Kowane allo na zamani, na kwamfuta ne ko na talabijin ko na majigi, an gina shi ne da ƙananan ɗigogi masu haske, jere a kwance da kuma a tsaye kamar zaren saƙa. Yawansu tun daga masana'anta yake, ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Allon da aka fi gani a ofisoshi yana da ɗigo 1920 a kwance, da layi 1080 a tsaye, jimla 2,073,600. Wannan adadi shi muke kira ma'aunin allo.

Hoton da ake aika wa allo shi ma yana da nasa ma'aunin. In biyun sun zo daidai, kowane ɗigo na hoto ya sauka a kan ɗigo ɗaya na allo, sai rubutu ya fito tas. In kuwa sun saɓa, dole a sami mai shiga tsakani. Wannan ita ce na'urar daidaita hoto, wadda masu sana'ar suke kira sikela. Akwai 'yar ƙarama a cikin kowace talabijin, akwai kuma manya masu zaman kansu irin na kamfanonin Extron da Kramer da Barco, waɗanda ake sa wa a ɗakunan taro da gidajen talabijin.

Aikinta ya yi kama da na mai ɗinkin hula da aka ba shi zane ya kwafa a kan ƙyallen da yawan zarensa ya bambanta da na asali. Dole ya yi ta ƙiyasi. Hanya mafi sauƙi ita ce a maimaita ɗigon da ya fi kusa, sai dai gefen abubuwa yakan fito da tsini-tsini kamar matakala. Wata hanyar kuma a ɗauki ɗigo huɗu na kewaye a gauraya su, wata a ɗauki goma sha shida. Gaurayawar tana kawar da tsinin, amma tana dusashe rubutu. Ko wace hanya aka bi, sikela ba ta iya ƙirƙiro abin da babu shi a hoton asali. Saboda haka ƙa'idar farko ita ce a rage yawan ƙiyasi: a daidaita hoto sau ɗaya tak, a na'ura mafi kyau da ake da ita, kuma ta fitar da shi a kan ainihin ma'aunin allon.

To, a nan gizo yake saƙa. Sikela tana zuwa da jerin ma'aunai da masana'anta ta zuba mata, kamar rigunan da aka ɗinka aka rataye a kanti. In allonka yana cikin jerin, ka huta. In ba ya ciki, sai ka zama tela da kanka.

Gadon tsohuwar talabijin

Kafin mu ɗauki almakashi, sai mun koma baya kaɗan, don lambobin da sikela za ta tambaye mu gado ne daga tsohuwar talabijin mai doro. An buɗe gidan talabijin a Ibadan a 1959, aka buɗe na Kaduna a 1962. Nijeriya ta bi tsarin layi 625, wanda a cikinsa layi 576 ne kawai suke ɗauke da hoto. Da launi ya zo, Nijeriya ta ɗauki tsarin PAL, Nijar kuwa ta bi Faransa ta ɗauki SECAM, amma yawan layukan ɗaya ne. Amurka tana da nata daban, layi 525.

Ina sauran layuka 49 suka shiga? A cikin waccan talabijin akwai wani tsinken haske guda ɗaya da yake zana hoto, daga hagu zuwa dama, layi bayan layi. In ya kai ƙarshen layi sai a kashe shi ya komo hagu, in ya kai ƙasan allo sai a kashe shi ya koma sama. Komawar nan tana cin lokaci, kuma a lokacin ba a aika hoto. Injiniyoyi suka raba wannan hutu kashi uku: ɗan jinkiri bayan hoto ya ƙare, wanda suka sa wa suna barandar gaba, sannan alamar komawa, wadda take gaya wa allo ya juya, sannan wani jinkirin kafin sabon hoto ya soma, wato barandar baya. Kowane layi yana da waɗannan uku, kowane hoto ma yana da nasa uku.

Allunan yau ba su da tsinken haske, amma hutun yana nan a cikin saƙon da waya take ɗauka, har an sama masa sabon aiki. A wayar HDMI, cikin wannan hutu ake cusa sauti.

Yanzu mu dubi ma'aunin nan na 1920 da 1080. A kowane layi, bayan ɗigo 1920 da ake gani, akwai 88 na barandar gaba, 44 na alamar komawa, 148 na barandar baya, jimla 2200. A tsaye kuma, bayan layi 1080, akwai 4 da 5 da 36, jimla 1125. In ana sabunta hoto sau 60 a sakan, sai mu ninka 2200 da 1125, mu sake ninkawa da 60. Amsar ita ce 148,500,000. Wato dole na'ura ta tura ɗigo miliyan 148.5 a kowane sakan. Wannan adadi shi ake kira agogon ɗigo, kuma shi ne ginshiƙin dukkan maganarmu: jimlar faɗi, sau jimlar tsayi, sau yawan sabuntawa.

Ga wani abin sha'awa. A ƙasashe irin namu, inda ake sabunta hoto sau 50, agogon bai canza ba. An faɗaɗa barandar gaba ne daga 88 zuwa 528, jimlar layi ta zama 2640. Ku ninka 2640 da 1125 da 50, za ku koma kan 148,500,000. Wannan yana nuna muku cewa lambobin nan mutane ne suka zauna suka zaɓe su don biyan buƙata, kuma mai buƙata ta daban yana iya zaɓen nasa.

Iyakokin da ba a ƙetarewa

Tela ba ya yanka fiye da yadin da aka ba shi. Kowace waya tana da iyakar agogon da za ta iya ɗauka. Wayar DVI mai hanya ɗaya, wadda ta fito a 1999, iyakarta miliyan 165, haka ma HDMI na farko na 2002. A 2006 aka ɗaga iyakar HDMI zuwa miliyan 340, a 2013 kuma zuwa miliyan 600. Hoto mai ɗigo 3840 da layi 2160, sau 60 a sakan, yana buƙatar miliyan 594, shi ya sa tsofaffin na'urori ba sa ɗaukarsa.

Ƙungiyar masana'antu mai suna VESA ta fitar da wata ƙa'idar lissafi a 2003, ana kiranta CVT, wadda take ba da dukkan lambobin in an gaya mata faɗi da tsayi da yawan sabuntawa. A cikinta akwai tsarin taƙaitaccen hutu, domin allunan da ba su da tsinken da za a jira. A wannan tsari hutun kowane layi ɗigo 160 ne kacal: 48 da 32 da 80. Amfaninsa a fili yake. Ma'aunin 1920 da 1200, sau 60, yana cin sama da miliyan 193 in an bi dogon hutu, ya fi ƙarfin DVI ke nan. Da taƙaitaccen hutu kuwa miliyan 154 ne, ya shige lafiya.

Akwai kuma takardar shaida da kowane allo yake ɗauke da ita a cikinsa, mai suna EDID, wadda VESA ta fito da ita a 1994. Da zarar an haɗa waya, kwamfuta takan karanta ta, ta ga sunan allon, da ma'aunin da ya fi so, da waɗanda zai iya karɓa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mu yanka riga ɗaya tare

Allunan fitilu da ake kafawa a filayen taro ba guda ɗaya ba ne. Ƙananan akwatuna ne ake jerawa kamar tubali. Wani nau'i da ya yaɗu yana da faɗin rabin mita da tsayin rabin mita, da ɗigo 128 a kowane gefe. A ce an jera 12 a kwance, 5 a tsaye, an sami bango mai faɗin mita 6 da tsayin mita biyu da rabi. Ma'auninsa shi ne 1536 da 640. Da wuya ku sami wannan a jerin masana'anta.

In aka ɗauki hoton 1920 da 1080 aka tilasta masa cika bangon nan, faɗinsa zai ragu zuwa kashi 80 cikin ɗari, tsayinsa kuwa zuwa kashi 59. Mutum zai rasa kusan rubu'in tsayinsa in an gwada da faɗinsa. Irin abin da ya sami babban baƙon da muka ba ku labari ke nan.

Ga yadda za mu yi. Da farko mu ƙirga ɗigogin da kanmu, mu gwada da takardar da ta zo da akwatunan, kada mu dogara da abin da ɗan kwangila ya faɗa da baki. Na biyu, mu zaɓi yawan sabuntawa. Wutar lantarkinmu tana juyawa sau 50 a sakan, kyamarorin gidajen talabijin ɗinmu ma a kan 25 ko 50 suke aiki, don haka in za a ɗauki taron a kyamara, 50 ya fi dacewa. In allo yana kan 60, kyamara tana kan 50, akan ga hoto yana rawa ko wasu layuka suna yawo.

Na uku, hutun kwance. Mu ara daga taƙaitaccen tsari: 48 da 32 da 80. In an haɗa da 1536, jimla 1696. Na huɗu, hutun tsaye. Mu ba barandar gaba layi 3, alamar komawa 10, barandar baya 7. In an haɗa da 640, jimla 660. Na biyar, agogo: 1696 sau 660 sau 50, ya ba mu 55,968,000, wato kusan miliyan 56. Ko mafi tsufan wayar HDMI za ta ɗauke shi. Waɗannan lambobi su za mu shigar a shafin sabon ma'auni na sikela, tare da fuskar alamar komawa, wadda a wannan tsari ta kwance tana kan ƙari, ta tsaye tana kan ragi.

Saura mataki ɗaya da aka fi mantawa. Mun gyara abin da sikela take fitarwa, amma kwamfutar mai jawabi har yanzu 1920 da 1080 take aikowa. Sikela mai kyau tana ba da damar a rubuta mata takardar shaidar da za ta nuna wa kwamfuta. In muka sa 1536 da 640 a cikin EDID ɗinta, kwamfuta za ta ɗauka allon ke nan, ta zana komai a kan wannan ma'auni tun daga tushe. Sai hoto ya wuce ɗigo bisa ɗigo, babu ƙiyasi ko kaɗan.

Ba kullum ne ake buƙatar sabon ma'auni ba. Na'urorin da suke sarrafa bangon fitilu da yawa suna iya karɓar 1920 da 1080, su yanko kusurwa ɗaya mai 1536 da 640 su nuna, muddin mai shirya hoton ya san a wannan kusurwa zai zuba kayansa. Wannan ma hanya ce mai kyau. Abin da ba shi da kyau shi ne a matse hoto a yi shiru.

Sai gwaji. Kowace sikela ta kirki tana da hotunan gwaji a cikinta. A nuna da'ira a auna faɗinta da tsayinta da awo. A nuna layin da ya kewaye bakin hoto a ga ko ya fito a dukkan gefe huɗu. A nuna layuka baƙi da fari masu kaurin ɗigo ɗaya: in sun fito rarrabe, an dace, in sun zama toka-toka, akwai wata na'ura a hanya da take sake daidaita hoton a ɓoye. A da, lambobin da ba daidai ba suna iya lalata wasu tsofaffin allunan kwamfuta masu doro. Na yau sukan yi baƙi ne kawai su ƙi nuna komai, amma wanda allonsa ya yi baƙi ba ya ganin inda zai gyara. Don haka a adana tsohon tsari kafin a taɓa komai, a kuma tanadi ƙaramin allo na biyu. A yi duk wannan kwana ɗaya kafin taro, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Tsofaffin kaset ɗinmu

Akwai inda maganar nan ta fi ɗakin taro nauyi. Wasannin kwaikwayo irin su Samanja da Karambana, waɗanda gidan talabijin na Kaduna ya nuna, da finafinan Kano tun daga Turmin Danya na 1990, duk an ɗauke su ne domin allo mai rabon faɗi 4 da tsayi 3. Allunan yau rabonsu 16 da 9 ne. In aka baje tsohon hoto ya cika sabon allo, kowa a cikinsa zai ƙara faɗi da sulusi. Daidai shi ne a nuna shi a kan 1440 da 1080, a bar baƙin fili na ɗigo 240 a hagu da dama. Mutane da yawa ba sa son ganin wannan fili, suna ganin an yi asarar allo. Mu dai muna ganin gara a yi asarar gefen allo da a sauya wa mutum halitta.

Akwai wani tarkon kuma. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta 1982, wadda ta tsara yadda ake mai da hoton talabijin lambobi, ta raba kowane layi ɗigo 720. Amma 720 da 576 ba su ba da rabon 4 da 3 ba, domin ɗigogin nan sun ɗan fi faɗi a kan tsayi. A allon kwamfuta, inda ɗigo yake da gefe daidai, kusan 768 da 576 ya kamata a nuna. Wanda bai san wannan ba sai ya bar mutane sun ɗan rame. Faifan VCD, wanda finafinan Hausa da yawa suka fito a kansa, 352 da 288 kawai yake da shi, kuma babu sikelar da za ta mayar masa da abin da bai taɓa samu ba.

Bugu da ƙari, tsohuwar talabijin tana aika hoto ne rabi-rabi, layukan mara a tafi ɗaya, na cika a tafi na biye, sau 50 a sakan. Haɗa su wuri ɗaya aiki ne mai wuya, kuma dabarun yinsa suna ƙara kyau shekara bayan shekara. Saboda haka shawararmu ga duk wanda aka damƙa wa aikin kwafe tsofaffin kaset ita ce ya adana su a kan ma'auninsu na asali, 720 da 576, da rabi-rabinsu yadda suke. Faɗaɗawa a bar ta sai lokacin nunawa. Kaset yana lalacewa, injinan da suke karanta shi suna ƙarewa. In aka kwafe shi a baje, ko aka yanke masa kai da ƙafa don ya cika allo, sannan na asali ya mutu, jikokinmu wannan gurguwar sura za su gada.

Kammalawa

'Yan'uwa, da yawa daga cikinku gobe ku ne za ku rubuta takardar neman kaya, ku ne kuma za ku sa hannu cewa an kawo. Kuɗin jama'a ne. Muna roƙonku ku yi tambaya huɗu kafin alƙalami ya taɓa takarda. Mene ne ainihin ma'aunin allon, ban da jerin waɗanda yake iya karɓa? Majigi da yawa suna karɓar 1920 da 1080 alhali ɗigoginsu na gaskiya 1024 da 768 ne, ko ƙasa da haka. Shin sikelar tana ba da damar shigar da sabon ma'auni da hannu, har da barandu da alamar komawa? Mene ne iyakar agogonta? Shin ana iya rubuta mata EDID? Bayan an ba ku amsa, ku sa a nuna muku da'ira, ku auna ta da kanku, domin gani ya kori ji.

Ku kuma nemi a rubuta lambobin da aka yi amfani da su a takarda, a ajiye a fayil, a manna kwafi a jikin na'ura. Mai haɗa kaya zai karɓi kuɗinsa ya tafi, wata rana wuta za ta ɗauke ko wani ya taɓa abin da bai sani ba, na'ura ta koma tsarin masana'anta. In takardar tana nan, gyaran minti biyar ne. In babu, sai a sake biyan kuɗi, ko kuma a zauna da ƙwai a maimakon da'ira har allon ya tsufa.

Ga ɗaliban kimiyya da fasaha, aikin gida ɗaya muke bar muku. Ku dubi majigin da yake ɗakin laccarku, ku nemo ainihin ma'auninsa, ku lissafa agogonsa, sannan ku duba abin da kwamfutar malam take aika masa. In sun saɓa, ku sami malam cikin ladabi ku nuna masa.

Shugaban taro, mun ci lokaci fiye da yadda aka ba mu, a yi mana afuwa. A shirye muke mu amsa tambayoyi.